Ranar Da Na Zauna A Ƙofar Mai Inji

Neman mutum wahala ne, wallahi. Gara a ce maka ya mutu, ka wanke, ka binne, ka shimfiɗa tabarma a yi maka gaisuwa. Ɓata kuwa, ba kabari, ba barci.

Shekarun baya yayana ya kai mazarƙwaila kasuwar Makarfi, ya sayar, bai dawo ba. Iyakar labarin ke nan. Wayarsa a kashe, kuma ba wanda ya kira neman fansa. Na je wurin 'yan sanda, na je asibiti har ɗakin gawa, na bi tasha-tasha da hotonsa na katin zaɓe, wanda ko shi ba zai gane kansa a ciki ba. Ni da ban gama firamare ba, sai ga ni ina zuba bayani a ofis kamar lauya.

Wanda ya gan shi na ƙarshe mai injin matse rake ne na ƙauyenmu, Kirista daga kudancin Kaduna. Ya daɗe cikinmu, 'ya'yansa ba su san wani gari ba. Shi ya goya yayana a babur ya sauke shi bakin kasuwa, kuma da bakinsa ya faɗa tun ba a tambaye shi ba.

To, sai baffanmu ya je wajen mai bugun ƙasa can gefen Paki. Aka ce masa an kashe yaron, kuma wanda ya yi baƙo ne mai aiki da ƙarfe. Kafin la'asar magana ta zaga gari.

Ina dawowa daga fadama na hangi samari da sanduna, ɗaya riƙe da galan ɗin fetur, Baffa a gaba, sun nufi gidan mai inji. Na yanke ta bayan gidaje na riga su. Mai inji ya kulle kansa da matarsa da yara, ina jin kukan ƙaramar. Na jawo turmi na kife a bakin ƙofa na zauna. Kada ku ɗauka jarumta ce ta zaunar da ni.

Baffa ya ce, "Kai, tashi daga nan. Jinin ɗan'uwanka ne fa."

Na ce, "Baffa, ka ga gawa?"

"An duba, an gani."

"Inna ma an duba mata a Dandamisa, an ce yana kudu yana dako. Wanne za mu ɗauka?"

Wani daga baya ya ce, "Ko da kai aka haɗa baki?"

Na ce, "Kai da ko tasha ɗaya ba ka raka ni ba, yau ka fi ni ciwo?"

Sannan na juya ga Baffa. "Na ji, ya mutu. To a bi tsari. Inna tana ɗaki, har yau ba wanda ya yi mata gaisuwa. Kai ne babba, ka shiga gaba, ka ce mata Allah ya jiƙan ɗanta. In ta ce amin, ku dawo, ni zan ƙyasta ashana."

Kowa ya san Inna. Wata maƙwabciya da ta shigo mata da fuskar makoki, da muciya ta rako ta waje.

Baffa ya dube ni. Ya ce, "Ba ka da kunya," ya juya. Samarin suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya. Mai galan ya tsaya yana waige-waige, ya ga ba kowa bayansa, shi ma ya bi.

Har yau ba a ga yayana ba. Inna ta rasu ba ta karɓi gaisuwarsa ba. Abin da ya same shi Allah ya sani, ni ban sani ba, kuma wanda ya ce ya sani ƙarya yake. Ban gina gidan bulo ba, ban je Makka ba, Baffa ya shekara bai amsa sallamata ba. Amma duk sanda na ga 'ya'yan mutumin nan sun wuce, manya, da ƙafafunsu, sai in ji ni ma na yi wani abu a duniya.

Washegarin ranar da na zauna a kan turmin nan, na buga wa mai inji ƙofa. Ya leƙo, ido jajur, matarsa ta riga ta ɗaure kaya. Na ce, "Ta kwance kayan. Kai kuma sa takalmi, akwai tashar Kudan da ban tambaya ba." Amma sai da na biya da shi teburin mai shayi na tsakiyar gari, na zaunar da shi kusa da ni, na ce a haɗa mana biyu.