Shagon Ishaya da na tsare shekara biyar

Shekara biyar ke nan da rasuwar Ishaya, kuma har yau ban daina kishinsa ba. Na san ba haka ake buɗe maganar mamaci ba. Amma da wani abu daban na rubuta, duk wanda ya san mu a unguwarmu ta Soundview a New York zai ce ƙarya nake, kuma Ishayan ne zai riga kowa faɗa.

Tare muka taso a Zariya, shi ɗan Wusasa, ni ɗan Tudun Wada. Na riga shi zuwa New York. Ni na tarye shi a filin jirgi, a falona ya zauna har ya samu ɗaki, ni kuma na yi masa hanya a ofishinmu, wani ƙaramin reshe na babban kamfanin ƙera motoci. Aikinmu rubuta manhajar da ke tafiyar da allon gaban mota, mai nuna taswira da rediyo da kyamarar baya.

A wancan lokacin, in aka ɗauki sabon ma'aikaci, sai ya share makonni yana fama da kwamfutarsa kafin ya rubuta layi ɗaya na manhaja. Ka sa wannan, wancan ya ƙi. Aiki ya tashi a kwamfutar wane, ya ƙi tashi a ta maƙwabcinsa. Ni ne mai maganin wannan ciwo. Daga safe zuwa yamma ba ka jin komai sai "Sule, zo ka duba min." Har kofi ake ajiye min a tebur. Wallahi ina jin daɗin abin, ba zan ɓoye ba.

Sai ga Ishaya da tasa dabarar. Wai me ya sa kowa zai riƙa harhaɗa kayan aikinsa shi kaɗai? A tara komai a manyan kwamfutocin da ke can nesa, abin da 'yan sana'armu ke kira gajimare, kowa ya shiga ta intanet ya tarar da wurin aikinsa a shirye. Tsakanina da shi, shago yake kiran wurin, wai kamar na telolinmu na titi na 116 a unguwar Harlem: ka shigo, keke a ɗaure, zare a jere, ka zauna ka kama ɗinki. In ya lalace ka watsar, ka buɗe sabo. Na ce masa ba zai yi ba. Ya yi. Kafin shekara ta zagayo, ba mai kiran Sule, kofin ma ya ɗauke.

Shi ya kafa dokar cewa duk shagon da aka daɗe ba a shiga ba, na'ura ta share shi. Abu mai amfani a kai shi rumbun da kowa ke gani. Yakan ce, "Malam Sule, shago ba ɗakin ajiya ba ne."

Ciwo ya same shi yana tsakiyar wani aiki. Allon mota na gaske guda ɗaya muke da shi a ofis, ana bin layi a kansa kamar famfon unguwa, shi kuma yana so kowa ya iya gwada aikinsa a cikin shagonsa ba sai ya jira ba. Kafin ya kwanta asibiti ya ba ni izinin shiga nasa shagon, wai in duba masa wani wuri. Bai dawo ba. Bayan an binne shi na ci gaba da shiga lokaci lokaci don kada dokarsa ta share shi. Ina buɗewa in ga inda ya tsaya, a tsakiyar layi. Na sha ƙoƙarin ƙarasawa, ban taɓa gane inda ya dosa ba. Sai in rufe yadda na tarar.

A waje kuwa kowa ya zama na Ishaya. An sa wa ɗakin taro sunansa. Wani manaja da bai taɓa iya furta sunan daidai ba yana tashi ya ba da labarinsa, har da share hawaye. Haba! Mutanen da ba su taɓa zama sun sha faten da matarsa ke yi ranar Lahadi ba, su ne yanzu masu cewa "da Ishaya na nan". Ni dai ina da shagon. Shi kaɗai ne abinsa da ba na raba shi da kowa.

Nakan tambayi kaina me zai ce in ya ga yau. Zai yi murna ya ga ma'aikaci ya zo da safe ya fara aiki kafin azahar, ya ga wata tana aikinta daga kicin ɗinta a Harlem da 'yar kwamfutar da ba ta kai ta kawo ba. Ni kuwa dariya zai yi min har ya riƙe ciki, ya ce na mai da shagonsa gidan tarihi.

Bana kamfani ya koma sabon tsari, aka ce za a rufe duk tsofaffin shaguna, a kwashe abin amfani zuwa rumbu. Aka ba Ramatu aikin dubawa. Injiniya ce ƙwararriya, haihuwar Bronx a nan New York, iyayenta 'yan Zangon Kumasi. Kawu take ce min. Hausa tana jin ta sarai, amma rabin amsarta da Turanci take fitowa. Ba ta taɓa ganin Ishaya ba, bayan rasuwarsa aka ɗauke ta.

Na buɗe mata shagon ina jin kamar na miƙa makullin gidana. Ta zauna tana karantawa, can sai ta yi dariya. Ta ce, "Kawu, mutumin nan akwai wayo. Ka ga abin da yake so ya yi?" Ban gani ba. Shekara biyar ina kallon wurin ban gani ba, ita daga zama ɗaya ta gani. Ta ɗora daga inda ya tsaya, kamar jiya suka rabu. Kafin mu tashi, allon mota ya bayyana a kwamfutarta, taswira na motsi. Na ce mata sannu da ƙoƙari, amma Allah ya sani zuciyata tafasa take. Ni na san shi tun muna sa gajeren wando, ita ce ta ji maganarsa.

A sana'armu, duk aikin da aka kai rumbu ana rubuta sunan waɗanda suka yi shi, kuma sunan yana nan muddin aikin na nan. Ta rubuta Ishaya, ta rubuta Ramatu, sai ta juyo. "Kawu, in sa naka? Ba don kai ba da tuni an share."

Na ce, "A'a, haba, bar shi. Me na yi?"

Duk wanda ya tashi a gida ya san wannan a'ar. Ita ce wadda kake yi in an miƙo maka kwano, kana jira a ce don Allah ka ci, ka sake ƙi, a matsa maka, sannan ka sa hannu. Ramatu a Bronx ta tashi. Ta ce, "Okay, Kawu," ta danna, aikin ya shiga rumbu babu sunana. Washegari aka rufe shagon.

To, abin da ya rage na Ishaya ke nan, kuma ba kaɗan ba ne. Layin da ake bi a kan allon mota ya watse. Matarsa ta yi kuka da na gaya mata an ƙarasa aikinsa na ƙarshe, ta ce in kawo mata Ramatu ta gan ta. Na ce zan kawo, har yau ban sa rana ba. Kullum da safe in na buɗe sabon shagona ina ganin sunayen nan biyu a jere, nasa da nata, kuma haka za su zauna bayan ni ma na tafi. Ina yi wa abokina murna, da gaske nake. Amma wallahi da yarinyar nan ta sake tambayata sau ɗaya tak, da na ce ta sa.