Sittin ɗin da Na Sayo a Kasuwar Gummi

Akwai abin da ya same ni wanda har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da shi ba, kuma gara in faɗa da bakina tun yanzu kafin wani ya riga ni: wawan da ke cikin labarin nan ni ne. Amma wawa ne mai ilimi, don rani biyu cur na yi ina zuwa ajin yaƙi da jahilci, har ina rubuta sunana ba tare da na zaro harshe waje sosai ba. A ƙauyenmu, can tsakanin Bukkuyum da Gummi, wannan ba ƙaramin matsayi ba ne a wancan zamani.

Abin ya faru ne wajen lokacin da soja suka miƙa wa farar hula mulki. Garinmu yana da wata al'ada da muka taras, wadda har yau nake alfahari da ita. Duk namijin da ya cika sittin, an sauke masa aikin hanya, wato cikon da ake yi wa hanyar Nasarawa Burkullu kowace kaka don motar hatsi ta samu shigowa. In gulbi ya kawo, mai kwale-kwale zai ƙetare da shi kyauta. Wanzami zai yi masa aski ranar Juma'a kyauta. Samari za su shiga gonarsa yini guda da damina, ba sai ya dama musu fura ba. In an yanka rago wajen suna, tsoka mai taushi tasa ce. Ba gwamnati ta kawo wannan ba, iyayenmu ne suka zauna suka ga ya dace.

Ni kuwa lokacin ina da hamsin cif, ƙaƙƙarfa kamar jaki. Da damina in yi noma, da rani in yi yasar rijiya, don duk yankin an san ni da shiga rijiya. Sai dai kowace kaka in na ɗauki kwanon marmara a ka, na hango dattawa a gindin gawo suna taunar goro suna ba mu umarni, sai raina ya ɓaci. Na lura da abu guda: ba wanda ke da takardar haihuwa. Shekaru ana gane su ne da tuni, a ce wane an haife shi shekarar fari, wane tare aka yi musu kaciya da wane. Sai ilimina ya ce min, wanda ya fara kawo takarda shi ne mai gaskiya.

Ranar kasuwar Gummi na nufi wani mai buga wa mutane wasiƙa da keken rubutu a bakin tasha. Na ce ya buga cewa mai wannan takarda ya cika shekara sittin daidai. Ya ɗago ya dube ni tun daga hula har takalmi.

Ya ce, "Baba, anya ka kai?"

Na ce, "Kai ka haife ni?"

Ya zura takarda a keke. Ya buga, na dangwala babban yatsa, na kuma sa hannu a ƙasa don takardar ta ƙara nauyi. Kafin in baro kasuwa na sayi sanda. A hanya na yi ta gwada tari iri-iri har na samu wanda ya dace da ni.

Da na isa gida na karanta wa matata. Ta ci gaba da tankaɗe ba ta ko ɗago ba, ta ce, "To, sannu tsoho. Da safe ka hita ƙato, ka komo da jikoki cikin aljihu." Inna kuwa, mahaifiyata, tana zaune bakin ɗakinta tana kaɗi. Ta ce in maimaita. Na maimaita. Ta ce, "In kai sittin gare ka, ni ke nan na mutu ba a gaya min ba." Na bayyana mata cikin ladabi cewa harkar takarda ce, ba za ta gane ba.

Washegari na kai wa mai gari a zaurensa, dattawa na zaune. Na shiga ina dogara sanda, na yi tarin nan sau biyu, na karanta da ƙarfi tunda ba mai iya karantawa sai ni. Wani dattijo da ya riƙe ni ranar kaciyata ya buɗe baki zai yi magana, mai gari ya ɗaga masa hannu. Ya juya takardar sama, ya juya ta ƙasa, ya miƙo min.

Ya ce, "Takarda ta fi mu sani. Daga yau kai dattijo na. Duk abin da ke kan dattijo yana kanka."

Na ce, "Ranka shi daɗe, na gode." Ban tsaya na auna rabin maganarsa na biyu ba.

Jama'a, na ci daminar nan! In na doso gulbi sai in ƙara duƙawa, mai kwale-kwale ya kama hannuna yana cewa, "A hankali Baba," yana danne dariya. Wanzami ya yi ta aske ni kyauta yana neman furfura a kaina kamar mai neman allura. Samari ashirin suka shiga gonar gerona, ina gindin marke ina nuna musu inda suka bar ciyawa. Da kaka aka fita aikin hanya, na samu wuri a gindin gawon nan, na tauna goro, na ba da umarni fiye da kowa. Takardar kuwa kullum tana cikin hulata, a naɗe cikin leda.

Sai bazara ta zo, irin wadda rijiyoyi ke ja baya. Akwai wani Bafillace maƙwabcinmu, rugarsa tana bayan gonata, mun fi shekara ashirin muna tsokanar juna. Ciwo ya shiga garkensa shekarar da ta gabata ya share shi tas. Sai wani ɗan'uwansa daga wajen Anka ya ba shi aron maraƙa guda, irin aron da suke yi tsakaninsu, ka riƙe ta har ta girma ta haifa maka, sannan ka mayar da uwar. Wannan maraƙa ita ce dukan abin da zai sake tayar da gidansa, kuma amana ce.

Wata ranar da hantsi, ina kishingiɗe a zaure ina aikin tsufa, sai na ji ihu daga wajen babbar rijiyar dabbobi. Na fita da sandata. Ashe itacen bakin rijiyar ne ya karye da maraƙar, ta rufta. Na leƙa. Tana can ƙasa, ruwa iya wuyanta, ta ɗaga hanci sama tana nishi. Da rai, amma ƙafafunta sun nutse cikin laka, kuma in ta gaji ta sauke kai, shi ke nan.

Abokin sana'ata guda ɗaya ya tafi cin rani. Wani saurayi ya yi ƙarfin hali aka zura shi, bai kai rabi ba ya yi ta ihu a fito da shi, kansa na juyawa. Wasu kuma suna ta ƙoƙarin jefa mata zarge a wuya daga sama. Na daka musu tsawa, na ce in igiyar nan ta kama wuyanta gawa za su jawo.

Bafillacen ya kamo rigata. Mutumin da ban taɓa ganin ya roƙi kowa ba. Ya kira sunana haɗe da na tsokanar da yake min, ya ce, "Useni, Kaɗo, don Allah. In ta mutu, da wane ido zan dubi mai ita?"

Ban san sanda na yar da sanda ba. Na tuɓe riga, na ce a miƙo igiya. Sai na ji murya a bayana, a natse.

"A'a. Ba a ɗaura wa wanga igiya."

Mai gari ne. To, ga abin da na manta. Tun zamanin kakanninmu wani tsoho ya taɓa shiga rijiya numfashi ya ɗauke masa a ƙasa, aka fito da gawarsa. Tun ranar aka yanke cewa wanda ya cika sittin ba ya shiga rijiya a garinmu, ko da zinariya ce ta faɗa. Al'adar da ta ba tsoho aski kyauta ita ce ta hana shi igiya.

Na ce, "Ranka shi daɗe, dabba za ta mutu!"

Ya ce, "Na gani. Amma ba ni zura dattijo rijiya, mi zan ce ma Allah? Koma inuwa, Baba."

Masu riƙe da igiya suka saki. Daga ƙasa kuwa maraƙar na ta nishi. A nan na gane mai gari shekara guda ya yi yana jirana, bai yi gardama da ni ba ko sau ɗaya. Na dubi Bafillacen, na dubi rijiya. Wallahi ba zan ɓoye muku ba, sai da askin Juma'a ya gilma min a rai. Sannan na cire hula, na zaro takardar daga leda, na yayyaga ta a gaban kowa.

Mai gari ya ce, "Shekarunka nawa?"

Na ce, "Hamsin da ɗaya."

Ya ce, "Ɗaga murya, na baya ba su jiya ba."

Na ce, "Hamsin da ɗaya, ranka shi daɗe! Ƙarya na yi!"

Ya ce, "Ku ɗaure yaro."

Dariyar da aka yi sai da tsuntsaye suka tashi daga kan gawo. Amma daga nan kuma wasa ya ƙare, aka shiga fagena, kuma a nan ba ni da abin kunya. Na sa aka kunna fitilar ƙwai aka zura ta da zare. Kafin ta kai ƙasa wutar ta fara lumshewa, na san iskar ciki ba ta da kyau. Na sa aka saro rassan ganye aka ɗaure, aka yi ta zura su ana jawowa da sauri har iska ta sauya. Aka sake zura fitila, ta ci da kyau. Na yi bisimilla na sauka da igiya biyu da buhu.

Ƙasan rijiya da bazara wani gari ne daban, ga sanyi ga wari, sama ta zama kamar faifai. Maraƙar ta ɗora haɓarta a kafaɗata kamar ta san ni. Na nutse na tona lakar da hannu na zaro ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya, sau biyu tana shurina a haƙarƙari. Na zura buhun ƙarƙashin cikinta, igiya ɗaya bayan ƙafafun gaba, ɗaya gaban na baya, na rufe mata ido da ɗan tsumma don kar ta firgita a sama. Na yi kira a ja a hankali, in na ce tsaya a tsaya. Tana tafiya sama laka na zubo min a fuska, ina ƙasa ina kallon abin da in igiya ta tsinke a kaina zai sauka. Ba ta tsinke ba. Ƙullina ne.

Da aka fito da ni, maraƙar na tsaye tana kakkaɓe jiki, Bafillacen ya rungume wuyanta yana kuka ba kunya. Ya juyo ya riƙe hannuna biyu ya ce, "Mi yetti," wato na gode da Fillanci. Mata suka yi guɗa. Inna da aka riƙo ta zo kallo ta ce a faɗa wa kowa wannan ɗanta ne, kuma ita ta san shekarar da ta haife shi.

Kakar da ta biyo ni na fara isa wurin aikin hanya, kuma kwano mafi girma samari suka ajiye min, suna ce min, "A hankali Baba." Na ɗauka na aza a ka. Maraƙar nan ta girma ta haifi uku kafin a mayar da ita ga mai ita, kuma daga su garken maƙwabcina ya tashi. Har yau in na ga shanun 'ya'yansa sun wuce sai in gyara zama.

Abin da na koya, kuma ina so masu ƙaramin ilimi irina su ji da kyau: alherin da gari ke yi wa tsoho ba garaɓasa ba ce, ladan ƙarfin da ya riga ya zuba ne. Mai sauran ƙarfi in ya karɓa, hakkin wani ya ci, kuma ranar da za a nemi ƙarfin nan tana tafe.

Bayan shekara tara na cika sittin ta gaskiya, da shaidar Inna da ta dattawa. Ranar Juma'ar farko na je wurin wanzami, na zauna da izza. Ya jiƙa min kai, ya wasa aska, ya gama kai ya gangaro gemu. Na ce masa, "To, yau dai halal ɗina zan ci, kar ka sa rai da komai."

Ya ɗaga min haɓa da yatsa, ya ɗora askar daidai maƙogwarona.

Ya ce, "Mutum sau ɗaya shika cika sittin. Kai ka cinye taka tun tana ɗanya. Kar ka motsa."

Ban motsa ba.