Nisan Dakar a Bakin Yaya

Har yau a Magarya ana cewa tsoron jirgin sama ne ya hana ni zuwa Dakar. Ƙarya ne. Ni da nake hawa saman buhunan gyaɗa a kamyo, babbar motar kaya, har Damagaram, me jirgi zai yi mini?

Ga yadda aka yi. Da na gama lakwal, wato makarantar boko, aka ba ni gurbi a makarantar ungozoma ta Dakar, jirgi da ci da kwana duk a wuyan gwamnatin Nasara. Mahaifinmu ya rasu, saboda haka magana tana hannun wansa, Baffa, tsohon falken goron Gwanja. Dokarsa ɗaya ce: mace ba ta tafiyar da ta wuce kwana uku babu muharrami. Ban damu ba. A jirgi, ka tashi Damagaram, ka kwana Yamai, kashegari kana Dakar.

Baffa ba zai ɗauki maganar yarinya ba, amma zai ɗauki ta yayana, komi, wato akawu, a biron kumandan, wanda ya taɓa yin tafiyar. Na same shi yana goge takalmi.

"Yaya, in Baffa ya tambaye ka, me za ka ce?"

"Ke dai kin cika gaggawa. Gaskiya zan faɗa mana."

A kan wannan maganar na sayi akwati, na kai ɗinki.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci suka zauna a zaure, ni ina laɓe bayan ƙofa. Baffa ya yi tambaya irin tasu ta fatake: "Wannan Dakar, zango nawa ce?"

Sai na ji Yaya ya fara jero garuruwa: Tasawa, Maraɗi, Ƙonni, Doso, Yamai, ƙasar Mosi, Bamako. Ya ce in ayari ya tashi da kaka, damina za ta tarar da shi a hanya.

"Ta fi Gwanja nisa ke nan?"

"Nesa ba kusa ba, Baffa."

Na jira ya ambaci jirgi, bai ambata ba. Na faɗa zauren ko sallama ban yi ba.

"Baffa, ai ba da jaki zan je ba. A jirgi kwana ɗaya ne a hanya."

Baffa bai dube ni ba, sai ya dubi Yaya. "Haka ne?"

"Jirgi ba shi da tabbas, Baffa. Wani lokaci sai a yi mako ana jiransa."

Shi ke nan. Baffa ya shafa fatiha, ya ce in nemi aiki a gida.

Da yamma na tare Yaya a bakin rijiya. Bai ko yi musu ba. Ya ce za a mai da shi Yamai bayan kaka, in ni ma na tafi wa zai zauna da Inna?

"Me ya hana ka faɗa mini tun farko? Ka bar ni ina yawon sallama gida-gida."

"Da na faɗa, za ki yarda?"

Da ban yarda ba. Amma da na san da wa nake faɗa.

A Dungas akwai Gwaggo, yayar Baffa, wadda ta je Makka a jirgi daga Kano. Ita ce kaɗai Baffa ba ya katse wa magana. Na yanke shawara ranar kasuwa zan bi kamyon farko in ɗauko ta, ta zauna a zauren nan ta gaya masa kwana nawa ta yi a hanya, Yaya yana zaune yana ji.