Tarwadar Injiniya Bala

Ina kan hanyar Sterling, a nan ƙasar waje, da safiyar Talata, motoci sun cushe, sai matar Injiniya Bala, Hajiya Rabi, ta kira ni. "Ƙanina, yayanka ya cika." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na gangara gefen titi na kashe mota.

Injiniya Bala shi ya koya mini aiki a inda muke kula da na'urorin sanyaya kwamfutoci. Mutum ne da ya tsani ɓarna, ko waya ya yanke sai ya adana guntun. Da wannan halin ya kafa tankunan tarwada a ɗakin ƙarƙashin gidansa a Woodbridge. Famfo ya ɗebi ruwan kifin ya kai wa shuka, kashin kifin ya zama taki, saiwoyi su tace ruwan ya dawo fes. Yakan ce, "Dubi nan, Sani, babu mai cutar wani." Duk Sallah sai ya yi banda ya rarraba. Wane gida ne cikinmu, mu 'yan ƙasarmu da ke nan, bai ci ba?

Rannan wani baƙo ya sauka ganin kifi, ya gane shukar. Tabar wiwi ce, 'yan tushen da dokar nan ta yarda mutum ya shuka a gida. Kafin Juma'a magana ta kai har Gaithersburg, a jihar da ke maƙwabtaka da mu. Wata baiwar Allah ta dawo da kifinta a leda ta ajiye masa a bakin ƙofa, wai kada 'ya'yanta su bugu. Kifi fa, jama'a! A masallaci kuwa aka daina ba shi hannu.

Babu wanda ya tambaye shi dalili. Ciwon daji ne ke cin ƙashin bayansa, kuma da sanin likitansa yake dafa ganyen a shayi. Shi ke sa ya iya cin abinci, ya iya kai goshi ƙasa. Ni na sani. Na ce, "Yaya, bari in gaya musu." Ya ce, "A'a. Ba zan kai ƙarar Ubangijina wurin mutane ba." Na yi shiru, kuma wallahi shirun ya yi mini sauƙi, don ni ma ɓacin sunana nake tsoro. Har na canja wurin zama a sahu don kada a gan ni kusa da shi.

Ranar jana'iza sahu ɗaya bai cika ba. Yanzu da labarin ciwon ya fito, kowa na aiko da "Allah sarki, mutumin kirki" ta waya, ana kai kuloli gidan. Hajiya ta ce mini, "Ka ce su bar abincin. Wata takwas yana jiran sallamarsu." 

Allah ya jiƙan Injiniya Bala, ya sa ciwon nan ya zame masa kaffara, ya haskaka kabarinsa. Allah ya ba Hajiya Rabi da yaran haƙuri, ya tsare su daga bakinmu. Mu kuma Allah ya yafe mana, tunda shi ba mu je mun roƙe shi ba.