Ruwan Inabin Baba Habu

Duk ɗalibin da ya zauna a unguwar Hayyin Ashir ya san Baba Habu, mutumin Damagaram. Karatu ne ya kawo shi Alƙahira tun gemunsa na baƙi, suka yi ta kokawa da nahawu, nahawu ya kayar da shi, shi kuma ya ga komawa gida hannu biyu da kunya. Sai ya sayi firji, ya hau dama fura da kunun aya da zoɓo, ɗalibai masu kewar gida suna saye. Abin tinƙahonsa ɗaya ne: bai taɓa ba ɗan Musulmi abin da zai yi shakka a kansa ba. A kan wannan suna yake ci, a kansa yake ciyar da matarsa Azara.

Da zafin shekarar 2014, maƙwabcinsa Hamad, wani direba Basudane, ya kawo masa kwandon inabi daga gonar da yake wa jigila, ƙanana baƙaƙe masu 'ya'ya. Ya ce irin ƙasar Italiya ne, sunansa Sanjobeze. Baba Habu ya ce shi ba aurensa zai yi ba, balle ya riƙe sunan dangi. Ya matse shi har da ɓawo, ya ɗura a jarka, ya tura can ƙuryar firji, don walimar Ustaz Ukasha da ya gama digirinsa na fiƙihu.

A shekarar nan wutar lantarki zuwa take kamar baƙuwa. Wata rana ta dawo da ƙarfi, firjin ya yi tari ya mutu. Fura da kunu aka sayar da su da wuri, jarka kuwa ta kwana, ta sake kwana, har sati ya zagayo. Ran walima da ya buɗe ta sai ta yi huci. Ya ɗanɗana, ya gyaɗa kai. Mutumin da ya tashi da kamu da nono mai tsami, in abu ya kwana ya ɗau ɗan tsami, ai cewa yake ya nuna. Ya tace, ya jefa ƙanƙara.

Bayan azahar falon Ukasha ya cika da ɗalibai. Aka ci shinkafa, aka zagaya da kofuna.

"Masha Allah!" in ji Ukasha, ya ɗaga kofin wajen taga. "Baba, dubi launi, kamar yaƙutu. Farkonsa zaƙi, tsakiyarsa tsamiya, ƙarshensa ya kama dasashi kamar goro."

Wani ya ce yana jin ƙamshin busasshen dabino. Wani ya ce shi yana jin ɗumi na sauka ƙirjinsa, alamar albarka. Ukasha ya miƙo kofi aka ƙara, ya sake miƙowa. Baba Habu na gefe yana gyara hula. Tunda yake sana'ar nan ba a taɓa yabonsa da larabci ba sai ranar.

Sannan Alhaji Ishaq ya shigo, ɗan kasuwar da ke sarin takalma a kasuwar Ataba, mai yawan hawa jirgi. Aka ba shi nasa. Bai sha ba. Ya juya kofin a hankali, ya kai hanci, ya ajiye.

"Jama'a, wannan fa giya ce."

Baba Habu ya miƙe, ludayi a hannu.

"Alhaji, ni? Ni Habu? Ka zo ƙarshe, ka ci ƙasan tukunya, sannan ka ɗaure ni da giya a gaban malamai?"

"Ma'alish, yi haƙuri, Baba, ban ce da gangan..."

"Babu ma'alish! Duk ɗakin nan mahaddata ne, babu wanda ya gane ta sai kai. To faɗa mana, a ina kuka saba?"

Alhaji Ishaq ya soma goge gumi. Ya ce a jirgi ne, wani na kusa da shi ya sha.

"Kuma na kusa da kai ne ya koya maka juya kofi haka?"

Aka fashe da dariya, dariyar ma ta fi ta kullum tsawo, abin da ya sa Ukasha ya tsargu. Ya leƙa jarkar, ya ga kumfa na tasowa a hankali. Babin nan ya karanta shi, ya ci jarrabawa a kansa, bai dai taɓa haɗuwa da shi a kofi ba. Ya ce, "Innalillahi." Ya tambayi kwana nawa ta yi, ya tambayi firji. Baba Habu ya ba da amsa, muryarsa na raguwa. Gobe war haka, in labarin ya fita, ko ruwan sanyi ba mai saye a hannunsa.

Ukasha ya gyara zama, ya ɗan rirriƙe bango. Ya ce wanda ya sha bisa rashin sani babu laifi a kansa, wanda ya shayar bisa rashin sani haka nan. Ya ƙara da cewa suturta Musulmi wajibi ne, musamman a wannan mas'ala. Ɗalibai suka ce tamam, haka ne, da ƙarfi, kowa yana lissafin kofunan da ya sha a zuci. Alhaji Ishaq ya fi kowa goyon bayan sutura.

Haka sunan Baba Habu ya tsira. Shi kuwa bai huce ba. Ya tuttular da sauran jarkar a makwarara da hannunsa, yana yi yana faɗa da mutanen Italiya, waɗanda a cewarsa ko inabinsu ba shi da tarbiyya. Ya yi fushi da Hamad, ya yi fushi da masu wuta. Azara ta ce, "Malam, firji ne fa ya mutu." Ya ce ita ma ta koma bayansu.

Babban abin da ke cinsa har yau daban ne. Ya gyara firji, ya koma zoɓonsa na halal, da citta da kanumfari, wanda ya ba rabin rayuwarsa. Ɗalibai na sha su ce, "Ya yi, Baba." Shi ke nan. Babu yaƙutu, babu dabino. Kwanaki wani a cikinsu ya shanye kofi, ya lashe leɓe, ya ce a hankali, "Baba, Hamad bai ƙara zuwa gonar nan ba?"

Sai da aka riƙe ludayin da Baba Habu ya ɗaga masa.