Malam Hashimu da Fijon Lado

Kafin mai shayin bakin tasha ya hura wuta, Malam Hashimu ya riga ya share gaban garejinsa a Batsari, ya jera sifanoninsa a kan buhu, ƙanana a hagu, manya a dama. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana haka. Ba ya taɓa mota sai ya zagaye ta sau biyu yana duban zamanta a ƙasa, kamar mai sayen sa a kasuwa. Direbobi na yi masa tsiya, wai ya fi gane ciwon Fijo a kan na mutum. Ba ya musu. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, ido ya gaji, kuma bai kamata irinsa ya tafi shiru ba.

Ku tambayi Lado, direban Runka, wanda ya gaji tsohuwar Fijo 504 daga mahaifinsa, Alhaji Tayyib. Motar ta manyanta, gabanta ya zauna. Wata ranar kasuwa, tsakanin Runka da Safana, cikinta ya hau tudun yashin da manyan motoci ke bari a tsakiyar hanya, ta kafe da fasinja tara. Duk wanda ya san hanyar nan ya san ba wurin tsayawa ba ne. Maza na turi, mata na salati, kowa idonsa na kan daji. Allah ya tsare, amma Lado ya rantse ba ya sake bi da ita sai an ɗaga ta.

To, ɗaga gaban Fijo sai an matse sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfen da ke ɗauke da nauyinta, a sa faifan ƙarfe a ƙarƙashinsa. Abin matsewar da Malam ya daɗe yana aiki da shi kuwa ya cinye. Ya je Katsina, ya je Dutsin-ma, duk wanda aka miƙo masa na ƙananan motocin zamani ne, ƙugiyarsa ba ta kama kaurin sifirin Fijo. Kwana biyar Lado na zaune ba aiki. Haƙurinsa ya ƙare, ya ce a yi yadda kowa ke yi, a danne da jak, a ɗaure da waya, a wuce wurin.

Malam ya ɗaga masa hannun hagu, inda yatsu biyu suka zama dungu.

"Waya ce ta yi mini wannan, Lado, mahaifinka na tsaye a wurin. Ka yi haƙuri, ko ka ɗauki motarka."

Lado ya tafi yana huci, amma motar bai ɗauka ba.

Washegari Malam ya kwance ƙarafan murɗawa na wasu tsofaffin jak biyu, ya sa su a buhu da guntun sifirin, ya hau babur zuwa Babban Duhu wurin Ɗanmaraya, maƙerin da bai taɓa ƙera abin da ya wuce garma da fartanya ba. Ƙugiyar farko da ya ƙera ta yi faɗi. Ta biyu ta tsage. Ta uku ta kama sifirin gam, Ɗanmaraya ya ce da ma ya san hannunsa ya fi ƙarfin fartanya.

Ran kwana na tara aka gama. Malam bai yarda da awon mota babu kowa a ciki ba, don haka ya kwaso mutum tara daga teburin mai shayi, kofuna a hannu, ya cika ta. Ya ɗauko sandarsa ta gora mai tsage-tsage, kowace tsaga tsayin wata mota ce da ya taɓa gyarawa. Ya lalubo ta Alhaji Tayyib ya nuna wa Lado, sannan ya ƙara kaɗan a kai, don hanya ta fi ta da lalacewa.

Sati uku bayan haka, Lado na ɗauke da fasinja tara, a daidai wurin da motar ta taɓa kafewa, aka ji harbi daga daji. Lado bai ɗaga ƙafa ba, Fijo ta haye tudun ko gogawa ba ta yi ba. Da ya iso Batsari gareji ya wuce kai tsaye. Hannun hagun Malam ya kama da hannu biyu, ya daɗe bai saki ba.

Kai ne, Malam, ka zaɓi a yi fushi da kai kwana tara a kan ka yi aikin da zuciyarka ba ta kwanta da shi ba. Kai ne mutum tara suka isa gida ta dalilinka, yawancinsu ko sunanka ba su sani ba. Mun gode, maganin tsohuwar Fijo. Allah ya ƙara lafiya, ya sa hutun ya yi albarka.

Ku kuma masu gareji daga Batsari har Safana, abin matsewar na nan rataye a ƙusa a ƙofar garejinsa. Malam ya ce duk mai bukata ya zo ya ara, ba ya son komai. Sharaɗi ɗaya ne: ka taho da wayarka, ka jefa ta a bola yana kallo.