Yatsun Yaya Sinat

Ni matsoraciya ce, kowa a layinmu na bakin titin Skun ya san da haka. Na yi shekaru ina soya a-ping ina sayar wa fasinjoji, amma har yau ban taɓa riƙe baƙin gizo-gizon nan da fiƙoƙinsa a baki ba. In an kawo mini su an riga an karye fiƙa, to nan nake da baki: in wanke, in barbaɗa gishiri da suga, in daka tafarnuwa, in jefa cikin mai. Mai shiga daji ta tono su daga rami ita ce Yaya Sinat, yayar mijina.

Tana ƙaramar yarinya ta fara, a shekarun yunwar nan da manya ba sa son a tayar da zancensu. Uwarta ce ta nuna mata rami na farko, ta ce ta ci a ɓoye, kada wani ya gani. Yunwa ta wuce, sana'a ta zauna. Da ita ta yi jinyar mijinta har ya rasu, da ita ta sa ɗanta Vibol a makaranta.

Ba ta da tsawo, ba ta da yawan fara'a, amma bakinta sai a hankali. Ta sha kama ɗaya ta tura mini shi gaban hanci don kawai ta ji na yi ihu.

"Kin ga idanun nan takwas? Ado ne," in ji ta. "Bai fi ki gani ba, ke da ba kya gane mijinki in ya sa hula. Da gashin ƙafa yake ji. Fara ta taka saƙarsa a bakin rami, shi yana can ƙasa ya riga ya san nauyinta."

Ita ma haka take aiki. Takan tsinko sillen ciyawa, ta durƙusa a bakin ramin, ta rufe ido, ta riƙa taɓa saƙar a hankali kamar tafiyar ƙwaro. Abin da ke ciki zai amsa, amsar kuwa a kan yatsa take zuwa. A-ping fizga ɗaya yake yi ya riƙe. Shanshani kuwa sillen yake biyowa da gudu, sai ka saki ka yi baya. In ta tono shi da dagi ya fito, sai ta danne bayansa da yatsa biyu, daidai gwargwado: ka matsa da yawa ya fashe, ka sassauta ya juyo. Ta karye fiƙoƙin da ɗan tsinke, ta shafa wurin da babban yatsa ba tare da ta duba ba, ta jefa a kwando.

Vibol yana aikin ɗinki a wata masana'anta a Phnom Penh. Tun da aka ce uwarsa tana da ciwon suga ya matsa sai ta koma wurinsa, wani ɗaki a saman bene mai taga ɗaya. Ta je sau ɗaya ta dawo ba ta ko ƙarasa mako ba.

"Wannan ai rami ne," ta ce. "Mai ramin ma yana leƙowa in an yi ruwa. Ranar da kuka kai ni can, ku haɗa da itacen ƙona gawata."

Vibol ya ce ya ji, amma ranar da daji ya fi ƙarfinta, ba zai sake neman shawarar kowa ba.

Ni na fara ganin alama, don ni nake juye kwandon. Sai in tarar da biyu ko uku bayansu a fashe, ruwan jikinsu ya jiƙe sauran, ƙafafu a naɗe. Yaya Sinat ba ta fasa a-ping. Na yi mata magana, ta ce na bana ne fatarsu ba ƙwari, ba su daɗe da yin saɓa ba. Na ci gaba da wanki, amma ban yarda ba.

Ran nan na juye kwando a roba, na kai hannu zan fara wanki, sai ɗaya ya miƙe tsaye. Ya ɗaga ƙafafun gaba sama, ga fiƙa ɗaya baƙa wuluk tana ƙyalli. Na kurma ihu, na yi fatali da robar, masu ayaba da abarba suka yi ta dariya.

"Ke Lakena, kin ba mu kunya gaban baƙi!" in ji Yaya Sinat. Ta cafke shi, ta karye fiƙar, ta shafa da babban yatsa. Sannan ta yi abin da ban taɓa ganin ta yi ba: ta ɗaga shi kusa da ido ta duba.

Kashegari da safe na ce zan bi ta, wai ina son itace. Ta harare ni, amma ta matsa mini wuri a babur. Daji ya yi nisa yanzu, sai ka wuce gonakin yazawa har ka gaji. Muka ajiye babur muka taka. Ko ganye ya taɓa mini ƙafa sai na yi tsalle.

Ta sami rami mai sabuwar saƙa a gindin wata gora. Ta durƙusa, ta sa sillen ciyawa, idonta a buɗe tar, tana kallon sillen ko zai motsa. Ashe da ido take aikin yanzu, kuma wa ya san tun yaushe. Da shanshani ne a ciki, kafin ta gan shi ya hau hannunta.

Sillen ya girgiza. Ta tona, wata ƙatuwa ta fito, ta danne ta ta ɗago. Ta juyo wurina tana laluben tsinke da ɗaya hannun.

"Kin gani ko? Ki je ki gaya wa Vibol tsohuwa ta ƙare. Wannan mai ƙwai ce, kada ki sayar wa direbobin nan marasa kunya, ki ajiye wa..."

Ban ji sauran ba. Abar ta zame a tsakanin yatsunta, ta murɗe, ta kafa fiƙoƙi biyu a gefen yatsanta na tsakiya har gindi. Ina ganin ƙafafun suna ƙanƙame mata hannu. Na san wannan cizon, na ga ƙato ya yi birgima a ƙasa saboda shi. Ita kuwa tana ta zancen direbobi.

Da ƙyar na nuna da hannu.

"Mene ne kuma? Kin ga fatalwa?"

Ta bi yatsana da kallo. Ta daɗe tana duban hannunta. Sannan ta ɓamɓare a-ping ɗin a hankali, ta ajiye a ƙasa, ta bar ta ta gudu cikin ganye. Jini ya ɓullo a wuri biyu. Tun da na shigo gidansu ban taɓa ganin tsoro a fuskar matar nan ba, sai ranar.

Ta zauna daɓas. Ta miƙo mini ɗaya hannun, wanda ba a ciza ba.

"Lakena, ciji nan."

"Haba Yaya, mu tafi asibiti."

"Ciji, na ce. Zan rufe ido. Kada ki ji tausayina."

Ta rufe ido. Na kama yatsanta, yana warin ƙasa, na sa a baki na ciza. Ba ta motsa ba. Na ƙara ƙarfi, hawaye na zubo mini, har na ji gishirin jini a harshena.

"To mene ne kike jira?" ta ce, idonta a rufe. "Ki ciza mana."